Gidan da ƙazuwa ta ƙi fita: nazarin makonni 32

Yadda gidan yake

Gidan mai ɗaki uku ne, mutum shida ke kwana a ciki: maigida, matarsa, 'ya'yansu uku da mahaifiyar maigidan. Babbar 'yar shekararta 11, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 7, sai jaririya 'yar wata 8. Akwai kuma wata mata da ke zuwa sau uku a mako tana taya uwargidan yi wa tsohuwar wanka da sauya mata kaya. An sakaya sunayensu. Duk makonnin da za a ambata daga ranar da tsohuwar ta tare a gidan ake ƙirga su.

Tsohuwar, wadda yaran ke kira Kaka, shekararta 74. Ta yi shanyewar ɓarin jiki, ta kwanta a asibiti wajen wata biyu, ta ɗan zauna wurin wata 'yarta, sannan ɗan ya ɗauko ta. Hannunta na dama ba ya ɗaguwa, harshenta ya yi nauyi. Ta daɗe tana shan firedinisolon saboda ciwon gaɓoɓi, maganin da ke kwantar da kumburi amma yana raunana garkuwar jiki. Ta zo da kaurin fata a tafin hannu da gwiwar hannu da dunduniya, fari-fari mai ɓarɓashi, faratanta ma sun yi kauri. A takardar sallama an rubuta cewa bushewar fata ce ta tsufa, wataƙila da sorayasis, wata cutar fata mai sa kauri da ɓarɓashi, aka haɗa ta da man shafawa. Ba ta taɓa kukan ƙaiƙayi ba.

Babbar yarinyar aka sa ta riƙa kwana gado ɗaya da ita, don ta tashi manya idan wani abu ya taso da dare.

Mako na 5 zuwa na 9: ƙaiƙayin dare

Yarinyar ce ta fara. Da rana lafiya lau take zuwa makaranta, amma da ta shiga bargo jikinta ya ɗumama sai susa: tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu, hammata. Ƙurajen ƙanana ne ja-ja, yawancinsu ta riga ta farfasa su da farce kafin gari ya waye. Aka ce kuɗin cizo ne. Aka fitar da katifa rana, aka fesa maganin ƙwari a ɗakin har sau biyu. Ba a ga ko ɗaya ba, ƙaiƙayin kuma bai ragu ba. Aka koma zargin sabulu, aka sauya shi, aka sauya na wanki.

A mako na 7 uwargidan ta kama, bayan kwana kaɗan yaron ya bi. Maigidan ya sayo wani man shafawa a shagon magani, irin mai haɗe da betametason, maganin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi, da ƙwayar da ke rage ƙaiƙayi ta sa barci. Kwana goma gidan ya samu sa'ida. Jan ya dusashe, kowa ya yi barci. Da man ya ƙare sai ƙurajen suka dawo, sun kuma kai wuraren da da babu: cibiya, cinya, ɗuwawu, ƙarƙashin nonon uwar. Aka sake sayo wani bututun.

Mako na 10: an gano cutar

Abin da ya kai su asibiti gyambo ne. Wuraren da yaron ya sosa a ƙafa da hannu sun yi mugunya, sun yi ɓawo mai launin zuma, ya kuma fara zazzaɓi. Likitar da ta duba shi ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin bakteriya na kwana 7, sannan ta tambayi uwar ko akwai wani mai ƙaiƙayi a gida. Da ta ji su uku ne, kuma abin ya fi tsanani da dare, sai ta karɓi hannun uwar ta duba wuyan hannun da madubi. Ta sami wani siririn layi mai lanƙwasa, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, da ɗigo baƙi a ƙarshensa. Ta ɗiga mai a wurin, ta kankare saman fatar, aka duba a maikiroskof. Aka ga ƙwaro ɗaya da ƙwai biyu.

"Ƙazuwa ce," in ji ta. "Kowa a gidan zai shafa magani, rana ɗaya, har wanda ba ya susa."

A takardar ta rubuta scabies, sunan da likitoci ke kiran cutar da shi. Kalmar Latin ce, daga aikatau scabere, wato sosa. A bakin Rumawa scabies na nufin ƙaiƙayi da kaushin fata gaba ɗaya, na mutum ko na tumaki, kuma marubucin nan Celsus ya yi amfani da ita a littafinsa na likitanci a ƙarni na 1. Jamusawa ma haka suka yi, Krätze suke ce mata, daga kratzen, sosa. Ita kanta sorayasis da aka rubuta wa Kaka, tushenta psora ne na Girkanci, ƙaiƙayi. An raɗa waɗannan sunaye ne tun ba a san abin da ke haddasa cutar ba, abin da ido ke gani kawai aka duba: mutum yana susa. Sai a 1687 Giovan Cosimo Bonomo da Diacinto Cestoni a Italiya suka zaƙulo ƙwaron daga fatar marasa lafiya, suka zana shi, suka bayyana a wasiƙar da aka aika wa likitan nan Francesco Redi cewa shi ne sanadi. Likitoci da yawa ba su yarda ba, suka ci gaba da ɗora laifin a kan gurɓacewar jini, har 1834 lokacin da wani ɗalibin likitanci ɗan tsibirin Kosika, Simon François Renucci, ya ciro ƙwaron da allura a gaban malamansa a Faris.

Sunan ƙwaron Sarcoptes scabiei, kashin farko daga Girkanci, "mai yankan nama". Dangin gizo-gizo ne da kaska, ƙafarsa takwas. Macen ba ta kai rabin milimita ba. Ita ke haƙa rami a matacciyar fatar da ke sama, tana zuba ƙwai 2 ko 3 kullum na tsawon wata ɗaya zuwa biyu. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 4, ɗan ya balaga cikin kamar mako biyu. Ƙaiƙayin kuwa garkuwar jiki ce ke tayar da shi, tana bore ga ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Shi ya sa wanda bai taɓa yin cutar ba yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ya fara susa, alhali a duk tsawon lokacin yana iya shafa wa wani. Wanda ya taɓa yi kuma, kwana 1 zuwa 4 ya isa.

Mako na 11 zuwa na 14: magani na farko

Likitar ta rubuta man kashe ƙwaron, farmetirin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda ake rubutawa permethrin a jikin kwali. A shafe jiki duka daga wuya zuwa tafin ƙafa, a bar shi awa 8 zuwa 14, a wanke, a maimaita bayan kwana 7.

Ga abin da aka yi a gida. Uwar da yaran biyu suka shafa, amma a inda ƙurajen suke. Yaron ya wanke hannu kafin ya kwanta, ba a sake shafa masa ba. Maigidan ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Jaririyar an ji tsoron shafa mata. Kaka ba ta susa, fatarta kuma da ma a tsattsage take, aka ce kada a ƙara mata wahala. Mai taimakon ba a ma gaya mata ba, don uwargidan ta ji nauyin a ce akwai ƙazuwa a gidanta. Aka wanke zannuwan gado. Da aka ga sauƙi a kwana na biyar, shafi na biyu ya bi ruwa.

A mako na 13 yarinyar ta koma susa. A mako na 14 maigidan ya fara, jaririyar kuma ta daina barci, ƙuraje masu ruwa suka fito mata a tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai.

Mako na 15 zuwa na 19: magani na biyu

Wannan karon an bi umarni. Mutum shida suka shafa a dare ɗaya, aka yanke farce, aka cusa man ƙarƙashinsa, aka bi tsakanin yatsun ƙafa da cibiya da al'aura. Jaririyar aka haɗa har kai da bayan kunne, aka sa mata safa a hannu don kada ta tsotsa. Kaka ma an shafe ta, a kan kaurin fatar nan yadda yake. Bayan kwana 7 aka maimaita. An wanke kaya da ruwan zafi. Mai taimakon ta ga ana ta wanki, amma ba wanda ya ce mata komai, ita ma ba ta faɗi cewa hannunta ya fara ƙaiƙayi ba.

Mako uku aka yi ana ganin an rabu. A mako na 19 yarinyar ta tashi da sababbin ramuka a wuyan hannu, kwana biyu bayan haka uwar.

Daga nan gidan ya rikice. Maigidan ya yanke cewa maganin jabu ne ko kuma ƙwaron ya daina jin sa. Ya fitar da katifu biyu ya ƙona, ya sa aka sake feshi, aka ba da kyanwar gidan. Ya riƙa shafa farmetirin duk bayan kwana biyu har fatarsa ta yi ja tana raɗaɗi. Yarinyar ta ƙi zuwa makaranta saboda 'yan ajinsu sun fara gudun zama kusa da ita. An cire ta daga ɗakin Kaka, amma don kada ita ta shafa wa tsohuwar.

Mako na 20: an duba Kaka

Da suka koma asibiti, likitar ta sa uwargidan ta lissafa mata kowa da ke shiga gidan, da inda kowa ke kwana, da wanda ya fara. A nan ne sunan mai taimakon ya fito, a nan ne kuma likitar ta ji cewa akwai tsohuwa mai shan firedinisolon, mai kaurin fata, wadda ba ta taɓa gani ba. Ta ce a kawo ta.

"Mama, ku ba ni hannunku in gani," ta ce da ita. Ta sa safar hannu, ta ɗebi ɓarɓashi kaɗan daga gefen tafin hannun. A maikiroskof ba a iya ƙirga ƙwarin ba: manya, ƙanana da ƙwai, cunkus a ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Wannan ita ce ƙazuwa mai ɓawo, wadda likitoci biyu, Danielssen da Boeck, suka fara bayyanawa a 1848 a tsakanin kutare a ƙasar Nowe. Ƙwaron ɗaya ne da na sauran 'yan gidan, adadin ne ya bambanta. Mai ƙazuwa ta yau da kullum yawanci ƙwaro 10 zuwa 15 ne a jikinsa duka, domin garkuwar jiki da farce suna rage su. Mai ɓawo yana ɗauke da dubbai har zuwa miliyoyi. Takan kama wanda garkuwarsa ta yi rauni, ko wanda ba ya jin fatarsa, ko wanda ba ya iya ɗaga hannu ya sosa, kuma sau da yawa ƙaiƙayinta kaɗan ne ko babu. Kaka ta haɗa biyu daga ciki.

Mako na 20 zuwa na 24: magani na uku

Aka raba aikin gida biyu, na Kaka da na sauran.

Nauyin Kaka kilo 45 ne. Aka ba ta ibamektin, maganin kashe ƙwaron na sha, maikirogiram 200 ga kowane kilo, wato miligiram 9, a rana ta 1, 2, 8, 9 da 15. Ana maimaitawa ne saboda maganin ba ya kashe ƙwai, sai an jira sun ƙyanƙyashe. Tare da shi ana shafe ta da farmetirin kullum har kwana 7, daga kai har ƙafa, daga nan sau biyu a mako. Sabon abin da aka ƙara shi ne man da ke narkar da kaurin fata, mai sinadarin salisilik: a jiƙa hannu da ƙafa a ruwan ɗumi, a shafa, washegari a goge abin da ya yi laushi, domin maganin kashe ƙwaron ya kai ƙasa. Aka yanke faratan aka goge ƙarƙashinsu da burushi. Firedinisolon ba a tsayar da shi kwatsam ba, don hakan haɗari ne ga wanda ya daɗe yana sha. Likitan gaɓoɓinta ne ya riƙa rage shi sannu a hankali. Duk mai taɓa ta sai da safar hannu da riga mai dogon hannu da ake cirewa a bakin ƙofa. Ana sauya shimfiɗarta kullum, ana share ɗakin da goge shi kullum, kujerar da take zama aka lulluɓe ta da leda.

Sauran mutum shida, har da mai taimakon, suka yi magani rana ɗaya, suka maimaita bayan kwana 7. Uwargidan ce ta kira mai taimakon da kanta ta yi mata bayani. Ashe ita ma ta yi wata guda tana susa, ɗanta ma ya kama, sai aka haɗa da mutanen gidanta. Uwar, saboda tana shayarwa, da jaririyar, saboda ba ta kai kilo 15 ba, farmetirin aka ba su. An ce maigidan ya tsaya a shafi biyu, ya kuma daina sayen man betametason. Kayan sawa da tawul da zannuwan da aka yi amfani da su a kwana ukun da suka gabata aka wanke a ruwa mai zafin da ya haura digiri 50 a ma'aunin Celsius, wanda minti 10 a cikinsa ke kashe ƙwaron da ƙwansa. Abin da ba ya wankuwa aka ƙulle a leda mako guda, tunda ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 idan ya rabu da fatar mutum. An kuma kira 'yar Kaka da ta fara riƙe ta, aka tarar gidanta ma watanni ke nan suna fama da "borin jini".

Mako na 24 zuwa na 32: sakamako

Ƙaiƙayin bai tafi nan take ba. Uwar da yarinyar sun ci gaba da susa kusan mako uku bayan shafi na biyu, abin da likitar ta riga ta gargaɗe su a kai: matattun ƙwari da kashinsu suna nan cikin fata har sai ta saɓule, ƙaiƙayin kan kai mako 2 zuwa 4. Alamar dawowar cuta ita ce sabon rami ko sabbin ƙuraje, kuma ba a ga ko ɗaya ba. Yaron ya rage da wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri a matsematsi, waɗanda suka ɗauki wata biyu kafin su baje. An gwada fitsarinsa da hawan jininsa, domin bakteriyar da ke shiga gyambon ƙazuwa tana iya taɓa ƙoda makonni bayan gyambon ya warke. Komai ya fito daidai.

Kaurin fatar Kaka ya zube a cikin mako uku, fata mai laushi ta fito a ƙasa. An kankara an duba a mako na 24 da na 26, ba ƙwaro ba ƙwai. A mako na 32 babu mai susa a gidaje ukun.

Abin da ya hana, da abin da ya yi aiki

Makonni biyar na farkon ƙaiƙayin sun tafi a kan kuɗin cizo da sabulu, kuma ba abin zargi ba ne sosai, ƙurajen ƙazuwa suna kama da abubuwa da yawa. Man betametason ne ya yi ɓarna ta gaske. Ya kashe ƙaiƙayin, wato ya danne garkuwar da ke rage yawan ƙwarin, ya kuma dusashe alamun da likita zai gani.

Magani na farko ya faɗi ne don an ba masu susa kawai, a wurin da suke susa, sau ɗaya. Maigidan da jaririyar suna cikin makonnin nan na shiru da ke gaban ƙaiƙayi, kuma ƙwan da shafin farko ya bari ba su gamu da na biyu ba.

Na biyu ya fi koyarwa, don an yi shi da kyau kuma duk da haka ya faɗi. Maganin ba jabu ba ne, ga shi shi ɗin ne ya warkar da su a karo na uku. An shafa shi ne a kan ɓawon da ba ya iya ratsawa, ƙwarin da ke ƙasa suka tsira, kowa ya warke na mako uku ya sake ɗauka daga wuri ɗaya. Ko da babu Kaka ma, mai taimakon da aka ɓoye wa za ta iya dawo da ita. A ganina kunyar nan ta fi komai tsada a lamarin, kuma ba ta da tushe: ƙazuwa ba ruwanta da yawan wanka, haɗuwar fata da fata ta tsawon lokaci take bi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai aƙalla mutum miliyan 200 da ke ɗauke da ita.

Ƙona katifa da feshi da korar kyanwa ba su ƙara komai ba. Gwajin da masanin ƙwari Kenneth Mellanby ya yi a Sheffield ta Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda masu sa kai suka kwana a shimfiɗar masu ƙazuwa suka sa kayansu, ya nuna da wuya a ɗauke ta ta wannan hanya. Mai ɓawo ce kaɗai ta fita daga wannan ƙa'ida, don ɓarɓashin da ke zuba cike yake da ƙwari, kuma ko ita wanki da leda da shara sun isa. Ƙwaron kircin dabbobi kuma ba ya hayayyafa a jikin mutum.

Tambayar da kowa ya riƙa yi, a gida da shagon magani har da zuwan farko asibiti, ita ce wa ke susa. Ita ce tambayar da sunan cutar ya ginu a kai tun zamanin Rumawa, kuma tana kama yawancin masu ita. A wannan gidan ta tsallake mutumin da ya fi kowa ƙwari. Likitar ta faɗi "kowa" tun a mako na 10, amma ba ta tambayi su wane ne kowan ba sai a mako na 20, kuma da ta yi wannan tambayar tun farko da an rage wata biyu da rabi. Tunda Kaka za ta ci gaba da shan firedinisolon ko da kaɗan ne, an bar wa gidan umarnin duba tafin hannunta da gwiwar hannu da farata sau ɗaya a wata, duk sabon kauri kuma a kai a kankara a duba kafin a shafa masa komai.